Allon da Ba a Wanke Ba

Da sunan Allah nake farawa, mai tsare wanda ya tafi da wanda ya zauna.

Daga mahaifinka, Malam Sale na Limawa a cikin Dutse, limamin masallacin ƙofar gida, mai gemun da ba a yi masa musu, zuwa ga ɗana na fari da ke Ibadan a rumfar kawunsa Tanimu. Ka san bakina bai saba kama sunanka ba, to alƙalamina ma ba yau zai fara ba.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kawunka da iyalinsa suna lafiya, da duk mutanenmu na layin 'yan tattasai. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da ruwan da cikinka bai sani ba, da abokin banza. Mu nan lafiya lau. Labarin gida ba zan ba ka ba, don ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Saƙon muryar da ka turo wa Innarku ta wayar ƙaninka ya shiga kunnena. Na san ba da ni ka yi ba, amma bangon ɗakina ba shi da kauri. Na ji ka ce wata uku ke nan Yarabanci ya ƙi shiga kanka. Na ji kawunka ya ce in ƙaramar salla ta zo ba ka iya tsayawa rumfa kai kaɗai ka sallami mai saye ba, zai sa ka a mota ya kira wani. Na kuma ji ka ce ba sai ya jira salla ba, mai shekara talatin da uku ba ya koyon yare, gara ka tattaro kayanka tun da sauran mutunci.

Kar ka tattaro komai tukuna. Nemi inuwa ka zauna. Zan gaya maka wautar da na tafka, ka ga ko taka ta kama ƙafarta.

Na haura arba'in lokacin da Jauro, shugaban wata rugar Fulani a wajen Garki, ya zo har zauren nan ya roƙe ni in je in yi musu rani ina koya wa 'ya'yansu karatu. Kai kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Ƙaninka Auta kuwa ba a ma haife shi ba, duniya ba ta kai ga samun wannan rabon ba. Manyan rugar suna jin Hausa, amma yaran ko "zo" ba su sani ba. Dole ni in koyi Fillanci.

Na ce a raina, mutumin da ya haddace izu sittin, wane irin yare ne zai gagare shi? Na sa aka sassaƙa mini ƙaramin allo. Kullum da safe in je wajen Jauro ya ba ni kalma goma, in rubuta, in zauna ina jijjiga ina maimaitawa har su zauna, in biya masa, ya ce daidai ne, sai in wanke allon in jira na gobe. Haka muke yi da karatu tun kakanni: ka riƙe, ka biya, ka wanke, a ɗora maka sabo. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko yare ma haka yake so ba.

Ranar Asabar aka ba ni mbala, wato tunkiya. Na haddace na wanke. Sai ranar Laraba aka ba ni mbewa, wato akuya. Ita ma na haddace na wanke. Kowacce a ranarta na san ta sarai. Abin da ban sani ba shi ne, da suka shiga kaina ba su tarar da juna a kan allo ba, sai suka je can ciki suka haɗu, suka yi musayar riga.

Wata safiya yara sun gama rubutu, an jingina alluna a jikin danga su sha iska. Sai ga tunkiya ta taho ta hau lasar tawada. Na daka wa yaran tsawa da sabon Fillancina, na ce su kori mbewa. Ba wanda ya motsa. Suka duba gabas, suka duba yamma. Na sake cewa. Wata yarinya ta matso ta durƙusa cikin ladabi, ta ce, "Modibbo, babu mbewa a nan." Modibbo shi ne malam a bakinsu. Ba raini suka yi ba, akuya na ce su kora, akuya suke nema. Kafin in gane, tunkiyar ta wanke wa yaro huɗu karatunsu.

Da Jauro ya gama dariyarsa, ya share hawaye da bakin rawani, sai ya ce, "Modibbo, in tambaye ka mana. In aya biyu suka yi kama da juna suna rikita ɗalibi, yaya kuke yi?"

Na ce, "Sauƙi gare shi. Sai a rubuta masa su a fuska ɗaya ta allo, wannan a ƙarƙashin wannan, a sa jar tawada daidai inda suka rabu. Ya gan su tare, ba zai ƙara haɗa su ba."

Ya ce, "To me ya sa ka raba mini tunkiya da akuya, alhali ni a garke ɗaya nake kwantar da su?"

Ka ji fa. Maganin yana cikin gafakata shekara da shekaru, sai makiyayin da bai taɓa riƙe alƙalami ba ne ya zaro mini shi. Daga ranar ban ƙara wanke allon nan ba. Na rubuta mbala, na rubuta mbewa a ƙarƙashinta, na ja jan layi inda suka sha bamban. Saniya nagge ce, na ajiye mata ngari, wato bijimi, da wige, wato karsana, duk a jere. Gaisuwar safe a wali jam, ta rana a nyalli jam, na ɗora ɗaya kan ɗaya, sai na ga ashe ina kwana da ina wuni ne suka sake kaya.

Don haka ga shawarata ta farko. Kalmar da ke rikita ka, kar ka guje ta, kuma kar ka koye ta ita kaɗai. Nemo 'yar'uwarta da suke kama, ka zaunar da su kusa da juna, ka zuba musu ido har ka ga inda hancin wannan ya fi na waccan tsawo. Tagwaye in ka gan su ɗaya-ɗaya sai ka yi ta kiran Hassan Husaini. Ranar da suka tsaya tare a gabanka, ranar ka gama da su.

Wauta ta biyu ta fi ta farko ciwo, don a ciki ta kama ni.

Kalma ɗaya na sani ta nono a Fillanci, kosam. Na ɗauka ta wadatar. Matar Jauro ita ke aiko mini da abinci. Ran nan ta tsaya daga nesa ta yi mini wata doguwar tambaya, ban tsinci komai ba sai kosam ɗin. Maimakon in ce ban gane ba, sai girman kai ya ce malami guda ba ya cewa mace ta maimaita. Na gyaɗa kai na ce, "To, to." Ashe tambaya take, wanda aka tatso yanzu nake so ko wanda ya kwana ya yi tsami. "To" ɗina ya faɗa kan na farko. Kai ka san cikina da ɗanyar madara ba sa ga maciji. Wata biyu ina sha don kunya, wata biyu ina sintiri bayan ruga da buta, har karnukan rugar suka daina yi mini haushi, sun saba.

Da ta lura ina ramewa, sai ta sa Jauro ya zauna tsakani. Ta kawo ƙwarya biyu ta dire a gabana. Ta zagaya su duka da hannu ta ce kosam. Ta taɓa ta ɗanyar madara ta ce ɓiraɗam, ta taɓa ta mai tsami ta ce pendiɗam, ta miƙo mini ludayi. Na kurɓi wannan, na kurɓi wancan. Harshena ya riƙe abin da kaina ya kasa. Har gobe in na ji ɓiraɗam sai cikina ya juya.

To kai ma haka. "To, to" ɗin nan da na san kana yi wa masu saye, da murmushin nan naka na wanda aka kama da hannu a tukunya, ka bar su. Ka ce ban gane ba, maimaita. Kuma kar ka yarda da kalma guda mai rufe komai kamar babbar riga. Tambayi abin da ke ƙarƙashinta. Kai da ke zaune cikin kaya, abin ya zo maka da sauƙi: ɗauki wannan a dama, wancan a hagu, ka ce a faɗa maka sunan kowanne suna hannunka.

Yanzu ka ji abin da zai ba ka mamaki. Da na ji kukanka, sai abin ya tsaya mini a rai, na ce bari in ga wannan Yarabanci da idona. Na tafi kasuwa wajen Iya mai robobi, Bayarabiyar nan da ta fi shekara ashirin a Dutse. Na ce, "Iya, yaya kuke ce wa albasa?"

Ta ce, "Alubosa."

Na ce, "Ba Hausa na ce ki yi mini ba, Yarabanci."

Ta ce, "Shi na yi maka."

Na gyara zama. Tattasai? Tatase. Attaruhu? Ata rodo, har tana cewa wai mu muka ara daga wajensu, na ce wannan shari'ar sai wata rana. Lafiya, alafiya. Albarka, alubarika. Amfani, anfani. Wahala kuwa ko kwalliya ba ta sake ba, wahala ce a can, wahala ce a nan. Na riƙe baki. Ashe rabin kayan rumfarku 'yan garinmu ne da suka riga ka sauka Ibadan, suka sa hular Yarbawa, kai kuma kana wuce su kullum ba gaisuwa. Fara da su. Amma kowanne ka tambaya ka tabbatar, don ba duk mai kama da ɗan garinku ne ɗan garinku ba.

Sai na ce ta ba ni masu rikitarwa. Ta ce saye ra ne, sayarwa ta. Ka ga ƙanƙantarsu, ka ga kamarsu, amma ɗaya kaya yake shigowa da shi, ɗaya fita. Har zan ce wannan yare akwai mugunta, sai na tuna mu ma saya da sayar muke cewa, ba mu taɓa jin nauyinsu ba. Ta ce wake ewa, gyaɗa epa. Ta ce jiya ana, yau oni, gobe ola. Duk na rubuto maka su bibbiyu da uku-uku a bayan takardar nan, da jan layi.

Na ce, "Iya, ke fa? Da girmanki kika zo garin nan. Me ya fi ba ki wuya?"

Ta kama haɓa ta ce, "Ku Hausawa Allah Ya shirye ku. Wanka, wanki, wanke-wanke. Shekara guda ina aika mutane su yi wanka da sabulun kwano." Ta ce abin da ya fisshe ta, jera su ta yi a kan tebur, sabulun jiki, sabulun tufa, da soson kwanuka, kullum da safe kafin ta buɗe rumfa sai ta taɓa kowanne ta kira aikinsa. Ka ga ita ba ta san Jauro ba, ba ta taɓa ganin allon tsangaya ba, amma hanya ɗaya suka bi. Ni kuwa da na tashi da kalmomin nan uku a baki, ban taɓa lura 'yan ɗaki ɗaya ba ne sai da baƙuwa ta nuna mini.

Na dawo gida ina ta juya abin. Me ya sa yaro ba ya bukatar wannan dabara? Ina ganin don shi kansa fili ne, duk abin da ya zo sai ya kafa bukka inda ya ga dama, ga shekaru a gabansa, ga rashin kunya. Babba kuwa kansa gari ne da ya riga ya cika. Baƙuwar kalma in ta zo sai ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar gidan wa za ta sauka. In ba ka nuna mata ba, ta kwana a waje, da safe ka neme ta ka rasa. In ka kama hannunta ka ce ga 'yar'uwarki nan, ga inda kuka yi kama, ga inda kuka rabu, ta samu masauki. Saboda haka tsufan kan da kake kuka da shi ba ciwo ba ne. Masauki ne da kai da yawa, ba ka dai iya saukar baƙi ba.

Ban ce ka haddace goma a rana ba. Biyu sun isa, in dai 'yan'uwan juna ne. Ka karɓe su da safe, ka kashe su a kan mai saye kafin azahar. Nemi tsofaffin matan nan masu son gyara wa mutum magana, kowace kasuwa akwai su, ka bar su su yi maka dariya, dariyarsu karatu ce kyauta. In an tashi kasuwa kar ka zarce majalisar 'yan gida ku yi ta labarin damina har isha. Hausarka ba za ta gudu ba, na riƙe maka ita a nan.

Saura wauta ta uku. Ita ba a ruga na yi ta ba, a zauren nan na yi ta.

Ranar da za ka tafi ka zo ka durƙusa, jakarka a bakin ƙofa, kana jiran in sa maka albarka. Ban ɗaga kai daga abin da nake dubawa ba. Na ce, "Kwana arba'in ka dawo." Ka tashi ka fita. Na ji ƙarar takalminka har kwanar masallaci. Mutane za su ce kunyar ɗan fari ce, haka aka san uba da babban ɗansa. Kunya tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Tsoro ne. Ni ma kwana arba'in na yanka wa kaina a ruga, na ɗaure kayana sau biyu, na san yadda dare yake yi wa mutum tsawo a inda ba a jin maganarsa. Sai na faɗi abin da nake tsoro kamar abin da nake fata. Ni da na yi wa'azin a jera abu biyu a ga bambancinsu, na kasa raba waɗannan a bakina. Rani huɗu na yi a rugar nan daga ƙarshe, ban taɓa gaya maka ba. Da na gaya maka a ranar, da wataƙila ba ka ƙirga kwanaki ba. Albarkar da ka durƙusa nema, na sa maka ita tun kana kwanar masallaci, kai ne dai ba ka ji ba.

Shawarar da ke bin wannan gajeriya ce: in ka haifi naka, ka ɗaga kai.

Abu na ƙarshe. Ƙaninka Auta yaro ne mai hankali da natsuwa wanda ba a yaba masa yadda ya kamata a gidan nan. In direban motar tattasai zai juyo, ka aiko masa da hular Yarbawa, mai lanƙwasa gefe, ruwan toka.

Allah Ya buɗe maka harshe, Ya sanyaya zuciyar kawunka, Ya sa salla ta same ka tsaye a rumfa kai kaɗai. Allah Ya kai takardar nan lafiya, Ya same ka lafiya.

Yaya Auwalu, dakata, kar ka share ido tukuna. Juyo wannan shafin.

Ni ne. Habibu, Autan Inna. Na san tun wajen hula ka fara zargi, in ma ba tun wajen gemu ba. Hannun Baba na ajami na fi shekara biyar ina kwaikwayo, kai kanka ka taɓa zuwa Taura ɗaukar buhun da babu shi saboda wata 'yar takarda da na rubuta, ka yafe, ya wuce. Labarin tunkiya da na nono wajen Inna na tatso su tana tankaɗe. Wajen Iya kuwa ni na je, kwana uku tana sa ni sauke mata bahuna kafin ta ba ni kalma. Ka taɓa ganin Baba a rumfar robobi? Na yi haka ne don na san in na ce ni ne, ko layi biyu ba za ka karanta ba, kuma ba na son ka dawo a motar kawu kana sunkuyar da kai.

Niyyata har allon Fillancin nan na Baba in sato in haɗa maka, don ƙaryar ta zauna da kyau. Jiya bayan azahar na leƙa ɗakinsa, na tarar ƙusar da ake rataye shi ba komai. Na fito zaure, sai ga Baba zaune a kan buzu, takardun nan da na ɓoye a gafakata suna hannunsa. Na tsaya a bakin ƙofa.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Zauna."

Ya karanta tun daga farko, ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Tumaki uku ne, ba ɗaya ba." Na ce to. Ya ce, "Rugar ta fi kusa da Taura." Na ce to. Ya ce, "Wata ɗaya na sha madarar, wa ya ce maka biyu?" Na ce Inna. Ya ce, "To bar shi biyu."

Da ya zo shafin ranar tafiyarka sai ya daina gyara. Yaya, wannan shafin ba wanda ya ba ni shi. Ina bayan ƙofa ranar, abin da na gani na rubuta, sauran kuma na ƙaga yadda nake so ya kasance. Ya jawo tawada ya tsoma alƙalami, na ce shi ke nan, zai soke. Ya riƙe shi a saman takardar har tawadar ta bushe a bakinsa. Sai ya ajiye.

Ya ɗaga gefen buzu ya zaro allon, a naɗe cikin tsohon rawaninsa, har an ɗaure da igiya. Ashe ba kunnena kaɗai ne ya ji saƙonka ba, maganar bango ta zama gaskiya. Ya ce, "Ka ba direba. Ka ce wa wancan bayan allon ba rubutu, nasa ne. Gaban kuma kar ya wanke."

Na miƙe zan gudu, ya ce, "Dawo. Ka rubuta a ƙasa kai ka rubuta, ba na son ƙarya da sunana. Hula kuma ni ban nema wa kowa ba."

To ga shi na rubuta. Abin da ya gyara ka ji, abin da ya bari ka gani. Allon yana cikin buhun da Inna ta sa maka kuka da daddawa, ka buɗe a hankali.

Allah Ya tsare mana kai, Yaya, Ya dawo da kai ranar da ka ga dama, ba ranar da aka sallame ka ba. Hular dai ruwan toka.

Ƙaninka,
Habibu